Ɗakin Haya a Gidan Inna Balaraba

Wata ranar Litinin da hantsi, a ƙarshen daminar 1988, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, Kalilu yana zaune a bakin shagon maigidansa Alhaji Labbo dillali yana sa wa sarƙar kekensa mai, sai wani dattijo ya yi sallama. Kana ganin hannuwan dattijon ka san a gona ya tsufa. A bayansa wata budurwa ce da akwatin ƙarfe a ka, ta yafa gyale ruwan ƙasa, idonta a kan takalmanta.

Dattijon ya ce sunansa Malam Hodi, daga Argungu yake. Wannan 'yarsa ce Baiwa, an turo ta koyarwa a wata firamare a nan garin, ɗaki yake nema mata a gidan da akwai babbar mace. Kalilu bai gama shimfiɗa masa tabarma ba ya ƙara da cewa:

"In gaya ma gaskiya, ni ban son dillali. Lalura ta kawo ni."

Kalilu ya saba jin irin wannan, murmushi kawai ya yi. Amma budurwar ta ɗago kai ta dube shi, kallo ɗaya, irin na mai ba da haƙuri a madadin wani, ta sake sunkuyar da kai. Ya tashi ya sauke mata akwatin, ya ɗaure a bayan keke, ya ce su biyo shi.

Makerar Gandu ya kai su, gidan wata tsohuwa da ake kira Inna Balaraba. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ita Allah bai ba ta haihuwa ba, 'ya'yan mijin kuma duk suna Sakkwato da Jega. Gida ne na ƙasa mai faɗin tsakar gida, da rijiya, da bishiyar dalbejiya. Malam Hodi ya zaga, ya ƙwanƙwasa ƙyaure, ya leƙa rijiya, ya daɗe suna magana da tsohuwar, sannan ya ce ya yarda. Da zai tafi bai ba Kalilu hannu ba. Baiwa ce ta ce masa an gode, a hankali, kamar ba ta so uban ya ji.

Kalilu mutumin Zauro ne. Iyayensa sun rasu yana sakandare, yayansa Riskuwa ya riƙe gonakin shinkafa. Da ya gama makaranta ya samu aikin akawu a ƙaramar hukuma, bayan shekara biyu aka rage ma'aikata, sunansa ya fito. Riskuwa ya aiko masa ya dawo gona. Shi kuwa ya ce sana'ar gidaje da filaye zai koya, don yana ganin garin nan zai buɗe wata rana. Riskuwa ya aiko da amsa cewa wanda ya bar gonar ubansa ya koma yawon nuna ɗakunan mutane, ya nemi wani yayan. Shekara uku ke nan ba su ga juna ba, ko da salla.

A wani ƙaramin shago yake kwana a Tudun Wada, daga katifa sai buta sai rediyo. Yininsa kuwa a gidajen da babu kowa yake yi. Ya buɗe, ya share, ya zauna jiran mai dubawa, wanda sau da yawa ba ya zuwa. Nan zai ci ƙosansa, nan zai yi azahar shi kaɗai a tsakar gidan mutane, ya kulle ya tafi.

Amma yana son sana'ar. Alhaji Labbo ya koya masa awon fili da igiya da taku, da gane azarar da gara ta ci daga ciki, da sanin inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, da cewa ba a rufe ciniki sai gaban mai unguwa da shaidu biyu. Burinsa wata rana ya buɗe nasa ofis, da allo mai sunansa a ƙofa.

Kwana uku da saukar Baiwa ya koma Makerar Gandu, wai ya tuna sakatar ɗakin ba ta kamawa sosai. Mako na gaba indararo ne. Inna Balaraba ta lura, sai ta fara ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kuka duk ranar da ya zo. Yakan zauna a zaure ya ci, tsohuwar tana daga ciki tana ba shi labarin mutanen unguwa. Ya manta rabon da ya ci abinci wani yana yi masa magana.

Wata la'asar ya tarar da Baiwa a gindin dalbejiya da tarin littattafan yara.

"Malama, kullum na zo kina fama da jan biro."

"Kai ko kullum ka zo wani abu ya lalace gidanga," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Jiya sakata, yau indararo. Ina jin tsoro kada gobe katanga ta faɗi."

Inna ta yi dariya daga madafi har da tari. Kalilu ya ji kunya ta rufe shi, amma a hanyar komawa shi kaɗai yana tuƙa keke yana murmushi.

Daga nan hira ta buɗe. A zaure suke zama, Inna tana kusa tana tsinke zogale. Baiwa takan tambaye shi gida nawa ya nuna yau, shi kuma ya ba ta labarin wani malamin kwalejin Poli da ya duba ɗaki bakwai ya ce duk sun yi wa littattafansa kaɗan. Ta sa masa suna Mai Gidaje, don ta ce ba ta taɓa ganin mai gidaje da yawa haka ba wanda ke kwana a shago. Shi kuma Malamata yake ce mata. Ita ma kaɗaici yana damunta, ta gaya masa. Ba ta taɓa kwana wani gari ba sai wannan karon, kuma mahaifiyarta ta rasu bara.

Wata biyu ana haka, ya kasa faɗin abin da ke ransa da baki. Sai ya rubuta, ya saka a tsakiyar littafin da take gyarawa.

"Malamata,
Bayan gaisuwa da fatan alheri. Nakan yi wa gida bayani har mutum ya ji kamar a ciki aka haife shi, amma in na zo gabanki sai in rasa ta inda zan fara. Ba ni da albashi, ba ni da gida, iyayena sun rasu. Ina da sana'ar da nake so in yi ta da gaskiya, kuma ina sonki. In kin ga da hali, ki ba ni izini in je Argungu in gaida Baba.
Naki, Kalilu."

Kwana biyu bayan nan Inna ta miƙa masa kwanon tuwo da takarda a ninke a kan murfin.

"Mai Gidaje,
Na karanta takardarka sau uku, ban samu inda zan sa jan biro ba. Ka zo Argungu in an yi hutu. Amma ka taho da haƙuri mai yawa, don na san Babana.
Baiwa."

Da aka yi hutu ya wanke rigarsa ta salla, ya shiga motar Argungu. Malam Hodi ya karɓe shi a zaure, aka kawo ruwa da fura, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ba shi labari. Ya ce yana saurayi wani dillali ya zo wa mahaifinsa da takarda, ya ce aron fadamarsa ta bakin gulbi ake so na shekara ɗaya. Tsohon bai iya karatun boko ba, ya dangwala yatsa. Ashe takardar sayarwa ce. Har ya mutu, in zai je kasuwa sai ya zaga ta wata hanya don kada ya ga gonar.

"Kai kanka ban ga laifinka ba," in ji Malam Hodi. "Sana'arka ta ban so. Mutumin da cinsa ke fitowa daga rabuwar wani da abin hannunsa, ba ni ba shi ɗiya. Ka samu aikin albashi ko ka koma gona, sai mu yi magana."

Ya kuma sanar da shi cewa akwai ɗan wani amininsa, Abdussamadu, ma'aikaci a Sakkwato, wanda shi ma ya nuna yana so. Ya ce ba zai yi wa Baiwa dole ba, amma ra'ayinsa ke nan.

Kalilu ya dawo Birnin Kebbi. Ya yi tunanin barin dillancin, har ya rubuta takardar neman aiki, ya kasa kai ta. Da aka koma makaranta ya gaya wa Baiwa. Ta ce ita ba ta ce ya bar abin da yake so ba, su yi haƙuri, Baba mutum ne mai taurin kai amma ba ya ƙin gaskiya in ya gan ta da idonsa.

A bazarar shekarar da ta biyo, magana ta cika gari cewa nan gaba za a ba Kabi jiharta, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Ba wanda ya san gaskiyar zancen, amma masu hannu da shuni suka fara neman gidaje. 'Ya'yan mijin Inna Balaraba suka zo wurin Alhaji Labbo, babbansu Usmanu yana gaba, suka ce ba a raba gadon ubansu ba, suna so a sayar da gidan Makerar Gandu a ba kowa nasa. Mai saye ma ya samu. Abdussamadu ne, wanda ya ga gidan lokacin da ya zo gaida Baiwa. Niyyarsa ya rushe shi ya gina ɗakunan haya na bulo.

Alhaji Labbo ya damƙa cinikin a hannun Kalilu. Ya ce shi ne babban ciniki na farko da zai rufe da kansa, in ya yi kyau zai ba shi shago ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce kada tsohuwar ta ji sai an gama, za a ba ta rabonta ta koma wurin danginta a ƙauye.

Kalilu ya san Inna ba ta da dangin da za su riƙe ta. A gidan nan aka kawo ta tana amarya, shekara arba'in da wani abu. Amma kuma ga shago, ga allo mai sunansa, ga abin da zai iya nuna wa Malam Hodi. Ya ce a ransa zai gaya wa Inna da Baiwa gobe. Goben ta zama mako uku. Yana zuwa, yana cin tuwo, yana kasa haɗa ido da kowa.

Ranar awo ya zaɓi safiyar da Baiwa take makaranta, Inna kuma ta tafi suna. Sai aka tashi yara da wuri a ranar. Baiwa ta shigo ta tarar da shi durƙushe a tsakar gida da igiyar awo, Abdussamadu yana tsaye da fararen kaya yana nuna inda za a fara rushewa. Abdussamadu ya gaishe ta da fara'a, ya yi mata bayanin komai, ya ce ai yana tsammanin dillalin gidan ya gaya musu tuntuni.

Ba ta dubi Abdussamadu ba. Kalilu ta duba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Mako uku."

"Shi ya sa kake yawan zuwa gyara? Kana ƙare wa gidan kallo?"

Ya ce wallahi ba haka ba ne. Ta ce to yaya ne. Sai ya shiga naɗe igiyar awon. Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa.

Da Inna ta dawo ta ji, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a bakin rijiya, ta ce Allah ya sa haka shi ne alheri. Da yamma ta aika masa da kwanon tuwo har Tudun Wada kamar ba abin da ya faru. Ya buɗe kwanon ya rufe, ya kasa ci.

Kafin mako ya zagayo Baiwa ta nemi a mayar da ita Argungu, aka kuma amince. Kalilu bai ga tafiyarta ba.

Kwana biyu ya yi a shago yana juya takardar awon. Gidan dogo ne ta gefen lungu, ɗakin Inna da madafinta suna can ƙarshe. A shari'a, matar mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas. Ya zana gidan a bayan kwali, ya raba, ya sake rabawa. Ɗakin da madafin da ɗan filin gabansu sun yi daidai da tumuni, kuma za a iya fasa musu ƙofa ta lungu ba tare da an taɓa sauran gidan ba. Ke nan ba dole ne a sayar da gidan duka ba.

Ya ɗauki kwalin ya je wurin mai unguwa, daga nan suka je gaban alƙali. Aka kira magada. Usmanu ya ce gidan ba ya rabuwa. Alƙali ya tambayi wanda ya yi awo, Kalilu ya tashi ya ce shi ne, kuma gidan yana rabuwa. Aka tura mutanen kotu suka sake aunawa, suka samu yadda ya faɗa. Alƙali ya yanke a fitar wa Inna tumuninta a ƙasa, sauran kashi bakwai magada su yi yadda suka so. Abdussamadu ya ce shi gida duka yake so ko ya fasa, ya kuwa fasa.

Alhaji Labbo bai ɗaga murya ba. Ya kira Kalilu shago, ya daɗe yana kallonsa.

"Na koya maka awo don ka haɗa ciniki, ba don ka raba shi ba. Aje mini makullaina."

Ya ajiye. Labari ya zaga cikin dillalan gari cewa Kalilu mai ɓata ciniki ne. In ya zo majalisarsu ta bakin kasuwa sai hira ta mutu. Da ruwan farko ya sauka shi da wani magini suka ja katanga tsakanin ɓangaren Inna da sauran gidan, suka fasa ƙofa ta lungu. Rijiyar da dalbejiyar da ɗakin da Baiwa ta zauna duk suka faɗa ɗaya ɓangaren.

Ya samu benci ya ajiye a gindin wata bishiya kusa da tasha, ya rubuta a guntun katako: Kalilu, Dillalin Gidaje da Filaye. Ba irin allon da ya yi buri ba ne. Wani yinin ba wanda zai tsaya sai mai tambayar motar Jega.

Ya rubuta wa Baiwa, ya ba wani direban motar Argungu. Bayan kwana goma amsa ta zo.

"Kalilu,
Na ji abin da ka yi wa Inna, Allah ya saka maka. Amma ba awon ne ya ɓata mini rai ba. Mako ukun da ka yi kana zama a zaurenmu kana shiru ne. In mutum zai iya ɓoye mini wannan, me kuma zai ɓoye?
Baiwa."

Ya lura ba ta ce Mai Gidaje ba. Ya amsa a ranar.

"Malamata,
Ba ni da hujja. Tsoro na ji, kuma na yi kwaɗayin shagon da aka yi mini alkawari, don ina so in zo gaban Baba da wani abu a hannu. Na yi kuskure. Yanzu ba shago, ba maigida, sai benci. In kin yafe mini na gode, in ba ki yafe ba ban ga laifinki ba."

Wannan ba ta samu amsa ba. Direban ya ce ya ba ta hannu da hannu, amma ya ji Malam Hodi ya hana rubuce-rubucen takardu.

Damina ta yi masa tsawo. In ruwa ya taso ya ɗauki bencinsa ya raɓe a rumfar mai faci. Da babbar salla ya je idi ya dawo shago ya kwanta, yana jin ƙamshin suya daga gidajen maƙwabta. Ya yi tunanin Zauro, ya yi tunanin Argungu, bai je ko'ina ba. Inna ce kaɗai yake leƙawa ranar Juma'a, ya ɗebo mata ruwa a famfon unguwa. Ba ta taɓa ta da zancen awon ba. Wata rana dai ta dube shi ta ce ya rame, ta tambaye shi ko har yanzu yarinyar tana ransa. Ya sunkuyar da kai.

Da kaka ta yi, ya je wata Juma'a ya tarar da ƙofarta a kulle. Maƙwabta suka ce ta shiga mota tun safe, ita da ta shekara goma ba ta bar gari ba. Kwana biyu ta yi a Argungu. Da ta dawo ya tambaye ta, ta ce zumunci ta je, kuma Baiwa tana gaishe shi. Ta ce Abdussamadu ya daina zuwa, don yarinyar ta gaya wa ubanta a fili ba ta so. Abin da ta faɗa wa Malam Hodi kuwa ta ce tsakaninsu ne, tsofaffi.

Makonni uku bayan nan, da safe, yana zaune a benci sai ya ga Malam Hodi ya sauko daga mota ya nufo shi. Kalilu ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya ce irin albasa ya zo saye, amma zai ɗan huta a nan. Ya zauna a ƙarshen benci. Hantsi ya yi, azahar ta yi, suka yi salla tare, ya dawo ya sake zama. Kallon hanya kawai yake.

Dab da la'asar wani tsoho ya zo daga wajen Gesse, inda a lokacin gonaki ne. Ya fito da takarda daga aljihu, ya ce wasu mutane ne suke son gonarsa, sun ce ya samu dillali ya sa hannu a matsayin shaida, yau suke so a gama. Kalilu ya karɓa ya karanta masa da Hausa, layi bayan layi, ya sake karantawa. Ya nuna masa cewa takardar ta haɗa har da gonar da ke bayan rafi, wadda tsohon bai ambata ba. Ya tambaye shi ko 'ya'yansa sun sani. Tsohon ya ce a'a. Kalilu ya ninke takardar ya mayar masa, ya ce ya koma gida su yi shawara, ƙasa ba ta gudu.

Da tsohon ya tafi Malam Hodi ya yi gyaran murya.

"Wanga shi na cinikin yau duka?"

"Shi ne, Baba."

"Ka kuwa kore shi."

"In gonar ta sayarwa ce zai dawo da 'ya'yansa. In ba ta sayarwa ba ce, gara da ya tafi."

Dattijon ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Da ubana ya samu mai karanta mai takarda," ya ce, bai ƙarasa ba. Can ya miƙe ya karkaɗe riga. "Wa ke gare ka babba?"

Kalilu ya ce yana da yaya a Zauro, amma sun shekara huɗu ba sa magana. Malam Hodi ya ce wannan kuma aikinsa ne, shi dai ba ya ba da 'ya ga mutumin da ya zo shi kaɗai. Ya miƙa masa hannu, suka gaisa, ya tafi neman motar Argungu. Irin albasar ma bai saya ba.

Washegari Kalilu ya hau keke ya nufi Zauro. Ya tarar ana bugun shinkafa a fadama. Riskuwa ya gan shi tun daga nesa, bai daina aiki ba. Da ya iso ya gaishe shi, yayan bai amsa ba, sanda kawai ya miƙa masa. Kalilu ya tuɓe riga ya shiga layi. Hannunsa da ya manta aiki ya yi kanta kafin azahar, bai tsaya ba. Sai da aka ɗaure buhun ƙarshe suka zauna a kan tarin kara, ya faɗa masa abin da ya kawo shi, ya kuma roƙi gafara.

Riskuwa ya kama hannunsa ya juya, ya dubi kantar da ta fashe.

"Ka lalace ƙwarai," ya ce. Idonsa ya cika, ya kau da kai wajen gulbi. "Yaushe za mu Argungu?"

A makon ne takarda ta zo ta hannun direba.

"Mai Gidajena,
Baba ya dawo ya ce ya yini wurin wani dillali marar ciniki. Bai ƙara komai ba, amma ya ce a fara neman kayan garar biki. Na yafe maka tun damina, hana ni rubutu aka yi. Daga yau abin da ya dame ka ka gaya mini ranar da ya dame ka, ko da ba daɗi. Ka ci abinci, Inna ta ce ka zama kara.
Malamarka."

Ya karanta a benci, ya tashi ya zaga bishiyar, ya dawo ya sake karantawa.

Tsohon Gesse ya dawo da 'ya'yansa biyu, suka sayar da gona ɗaya suka riƙe ɗaya, kuma su suka kawo masa maƙwabtansu. Ba wani arziki ya samu ba, amma ya isa ya kama ɗaki biyu a Shiyar Fada, ya sa aka yi musu farar ƙasa.

Aka ɗaura aure wata Asabar da safe a ƙofar gidan Malam Hodi a Argungu. Riskuwa ne waliyyin ango, ya zo da mutanen Zauro mota guda da buhunan shinkafa. Alhaji Labbo ma ya zo ba a zata ba, ya zauna can baya, ya karɓi goro, da aka shafa fatiha ya ce wa Kalilu Allah ya sa alheri, ya tafi.

Da za a ɗauki amarya bayan azahar, Malam Hodi ya sa aka kira su biyun zaure. Baiwa tana lulluɓe tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya kama hannunta ya daɗe riƙe da shi.

"Ita kaɗai ta rage mini mai kama da uwatta," ya ce wa Kalilu. "Na ba ka amana. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari, shi sa ku rufa wa juna asiri."

Riskuwa ne ya ce amin a madadin Kalilu.

Suka iso Birnin Kebbi da la'asar. Mata suka yi jere, suka yi guɗa, aka ci aka sha, kafin magariba suka fara watsewa. Inna Balaraba ce ta fito a ƙarshe, tana dogara sanda. Ta tarar da ango tsaye a tsakar gida yana ta gyara hula, ya kasa matsawa. Ta yi masa addu'a, ta tura shi da sandar, ta wuce.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Baiwa ta amsa daga cikin mayafi, ya ji dariya a muryarta.

"Ka shigo mana. Ko sai an samo wanda zai nuna maka ɗakin?"

Ya shiga. Allah ya dawwamar da zaman lafiya a tsakaninsu, ya ba duk mai nema nasa rabon.